Juyi, Naso da Sauyin Sinadari: Yadda Ruwa ke Gaurayuwa da Ruwa, Daga Madafi Zuwa Matatar Chanchaga ta Minna

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Neja a shekarar 1976 aka kuma mayar da Minna hedikwatarta, samar da ruwan sha ya zama babban al'amari ga garin, domin jama'a sun yi ta kwararowa, unguwanni irin su Tunga da Bosso da Kpakungu da Maitumbi suka yi ta bunƙasa. A shekarar 1978 aka gina madatsar ruwa ta Tagwai, wadda daga cikinta ne matatar ruwa ta Chanchaga take samun ruwan da take tacewa. Duk wanda ya taɓa ganin rafukan wannan yanki a watan Agusta ko Satumba ya san irin ruwan da ake magana a kai: ja ne, ya sha laka, ko an zuba shi a randa an bar shi kwana da kwanaki ba ya yin garau. Abin da ke raba shi da wannan laka shi ne alif, wanda wasu ke kira alam, kuma ɗan kaɗan ake sawa. Sai dai alif ba ya aiki sai an juya ruwan, kuma ba kowane irin juyi yake so ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da ke faruwa a cikin ruwa idan ana juya shi, da yadda juyin yake shafar gaurayuwar ruwa biyu da kuma sauyin sinadarin da ke aukuwa a tsakaninsu. Za a yi amfani da kalmar naso wajen nufin yaɗuwar da ƙwayoyin abu suke yi da kansu a cikin ruwa ba tare da an motsa shi ba. Ko da yake hanyar da mai yake bi ya yi naso a tufa daban take a wurin masana kimiyya, kalmar ta dace, domin tana ɗauke da ma'anar yaɗuwa sannu a hankali ba da turin kowa ba. Juyi kuwa shi ne kewayawar da ruwa yake yi a cikin mazubi ko a kogi; inda ya yi ƙarfi har ya yi rami a tsakiya za a kira shi guguwar ruwa. Sauyin sinadari shi ne inda abubuwa biyu suka haɗu suka haifar da wani abu wanda babu shi tun farko. Abin da za a nuna shi ne, naso ne kaɗai yake kai ƙwaya ga ƙwaya, juyi kuwa share masa fage yake yi. Yana iya sharewa da kyau, yana iya yin aikin banza, yana ma iya ɓata abin da aka zo gyarawa.

2.0 Naso da Nawarsa

Kowane ruwa ya ƙunshi ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, kuma ba sa zama wuri guda, kullum cikin karo da juna suke. A shekarar 1827 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Robert Brown ya lura, ta madubin ƙara girma, cewa 'yan ɓarɓashin da suka fito daga garin fure suna ta rawa a cikin ruwa ba tsayawa. Sai a 1905 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa ƙwayoyin ruwan ne suke bangazar su ta kowace fuska. Kafin nan, a 1855, wani likita Bajamushe, Adolf Fick, ya riga ya tsara ƙa'idar naso, wato abu yana tafiya ne daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma saurin tafiyar ya danganta da girman bambancin da ke tsakanin wuraren biyu.

Tafiyar ƙwaya a cikin ruwa irin ta mutumin da ya ɓata a dawa cikin dare ce: taku ɗaya gaba, ɗaya gefe, ɗaya baya. Saboda haka idan nisan da ake so ta ci ya ninka sau 10, lokacin da za ta ɗauka ninkawa yake yi sau 100. Wannan ita ce ƙa'idar da duk sauran bayanin ya rataya a kanta, don haka ya kamata a gan ta da alƙaluma. A ɗauka an shimfiɗa ruwan sukari a gindin kofi, aka ɗora ruwa zalla mai zurfin santimita 10 a kansa, aka kuma hana shi motsi ko kaɗan. Kafin zaƙin ya iso sama ta hanyar naso kawai, sai an yi kimanin wata 4. Idan zurfin santimita 1 ne, kwana ɗaya da 'yan sa'o'i sun isa. Idan milimita 1 ne, kimanin minti 17. Idan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, sakan 10; idan kuwa kashi ɗaya cikin ɗari ne, kafin a ƙifta ido an gama. A zahiri ruwan kofi ba ya zama shiru haka, domin bambancin zafi da sanyi yana ɗan motsa shi, amma lissafin ya isa ya nuna cewa naso gwani ne a gajeren zango, a dogon zango kuwa ba ya tsinana komai.

Shi ya sa koguna biyu suke iya haɗuwa su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kowa da launinsa. Ana ganin haka a Lokoja inda Binuwai ya sadu da Neja, haka kuma a Manaus ta ƙasar Barazil, inda baƙin ruwan Negro da jan ruwan Solimoes suke jerawa har kimanin kilomita 6 kafin su saje. Faɗin kogi ya fi ƙarfin naso nesa ba kusa ba. Sai guguwar da ke tashi a kan iyakar ruwan biyu ta yayyaga iyakar tukuna.

3.0 Miƙewa da Ninki

Tun da naso ba ya aiki sai a gajeren zango, aikin mai gaurayawa shi ne ya gajarta zangon. Hanyar yin haka kuwa ana ganin ta a kowane gidan burodi da ke amfani da injin murza kwaɓi. Ana tura kwaɓin tsakanin ƙarafa biyu ya miƙe ya yi faɗi, a ninke shi biyu, a sake turawa. Ninki na farko yana ba da falle 2, na biyu 4, na uku 8, na goma kuwa 1,024. Ke nan abin da kaurinsa ya kai santimita 10 ya koma falle-falle masu kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Idan aka koma ga alƙaluman da suka gabata, za a ga ninki goma kacal ya mayar da aikin wata 4 ya zama na sakan 10. Abin da cokali yake yi wa shayi ke nan, sai dai ido ba ya iya bin sa.

Wani injiniyan sinadarai ɗan Ingila, Peter Danckwerts, ya nuna a shekarar 1952 cewa ma'auni biyu ake bukata kafin a ce abu ya gaurayu. Na farko shi ne girman ɓangarorin da har yanzu suke a rabe, na biyu kuwa shi ne tsananin bambancin da ke tsakanin ɓangare da maƙwabcinsa. Juyi yana rage na farko ne kurum. Ko an yi ta juya madara da shayi har su zama zare-zare siriri, kowane zare yana nan a matsayinsa na madara ko na shayi, sai naso ya zo ya shafe iyakar.

3.1 Juyin da ba ya Gaurayawa

Abin lura a nan shi ne ba kowane juyi ne yake miƙa ruwa ba. Idan aka ɗora ƙwarya cike da ruwa a kan wani abu mai kewayawa aka bar ta tana zagayawa, bayan ɗan lokaci ruwan gaba ɗaya zai riƙa tafiya tare da ƙwaryar tamkar daskararren abu. Ɗigon shuni da aka ɗiga a ciki zai yi ta zagaye yana nan a ɗigonsa, domin babu ɓangaren ruwan da ya wuce maƙwabcinsa gudu balle ya ja shi. Kusan haka yake faruwa ga wanda ya sa ludayi a tukunya ya yi ta kewayawa ta fuska ɗaya da sauri ɗaya. Ramin da ke buɗewa a tsakiya yana burge mai kallo, amma gaurayuwar da ake samu ba ta kai ƙarfin da aka kashe ba. Don gudun haka ne masu ƙera tankunan gaurayawa na masana'antu suke kafa alluna huɗu a tsaye a jikin bangon tanki ta ciki, kowanne faɗinsa kimanin kashi ɗaya cikin goma na faɗin tankin, domin su karya zagayen su tilasta wa ruwan hawa da sauka.

Guguwa guda ɗaya da ke tsaye wuri ɗaya ta fi wannan dama-dama, domin ruwan da ke kusa da cibiyarta ya fi na nesa saurin zagayawa, saboda haka tana nannaɗe ɗigon shuni ya zama kamar gammo. Amma miƙewar da take yi ƙari ce, ba ninki ba: zagaye goma, tsawo ya ƙaru kamar sau goma. A shekarar 1984 Hassan Aref, masanin da aka haifa a Iskandariya ta Masar ya kuma yi aikinsa a Amurka, ya nuna da lissafin kwamfuta cewa idan aka sa guguwa biyu suna karɓa-karɓa, wannan ta juya ta tsaya, waccan ta ɗauka, to abin da ɗaya ta miƙa ɗayar za ta ninke shi, sai a dawo ga lissafin gidan burodi. Wannan bincike ya buɗe sabon babi a ilmin gaurayawa, kuma da shi ake amfani a yau wajen ƙera 'yan na'urorin gwajin jini masu hanyoyi siriri kamar gashi, inda ruwa ba ya iya hargitsewa da kansa.

Akwai wani gwaji da ya shahara wanda G. I. Taylor na Jami'ar Kambirij ya nuna a wani fim na koyarwa a shekarun 1960. Ya zuba ruwa mai kauri ƙwarai tsakanin gwangwani biyu, ɗaya a cikin ɗaya, ya ɗiga launi, ya juya na cikin sannu a hankali har launin ya baje ya zama kamar ya gaurayu. Da ya mayar da juyin baya daidai adadin da ya yi gaba, sai ɗigon ya tattaru ya koma kusan yadda yake. Launin bai taɓa gaurayuwa ba, miƙe shi kawai aka yi, naso kuma bai sami lokacin shiga ba.

3.2 Maburgi da Muciya

Me ya sa ba a ganin irin wannan komawa baya a kofin shayi? Amsar tana wurin Osborne Reynolds na Mancesta, wanda a shekarar 1883 ya tura zaren launi cikin ruwan da ke gudu a bututun gilashi. Idan gudun a hankali ne, zaren yana tafiya samɓal har ƙarshen bututu. Da gudun ya kai wani matsayi, sai zaren ya tsinke ya hargitse ya cika bututun. Reynolds ya gano cewa abubuwa uku ne suke yanke hukunci, wato saurin ruwan da faɗin wurin da kaurin ruwan. Idan aka ninka sauri da faɗi aka raba da kauri, ana samun wata lamba da ake kira da sunansa har yau. A cikin bututu, da zarar ta haura kimanin 2,000, kwantaccen gudu yana fara komawa hargitsattse. A kofin shayin da ake juyawa da cokali lambar tana kai dubbai. A cikin zuma kuwa, wadda kaurinta ya ninka na ruwa sau dubbai, da ƙyar take wuce ɗaya ko biyu.

Hausa ta daɗe da raba waɗannan yanayi biyu a cikin kalmominta na madafi, kuma rabon ya yi daidai da na Reynolds fiye da yadda ake zato. Ana burga miya, ana tuƙa tuwo, ana dama fura, ana kaɗa nono, ana sheƙa shayi. Babu matar da za ta ce ta burga tuwo. Maburgi ana murza shi ne tsakanin tafin hannu biyu, ya juya dama ya juyo hagu da sauri, yatsunsa suna yanka miyar suna haifar da ƙananan guguwa masu cin karo da juna. Kayan aikin ruwa mai saukin kauri ke nan, inda hargitsi yake samuwa. Tuwo kuwa ya yi kaurin da babu hannun da zai iya hargitsa shi, don haka muciya ba ta neman guguwa. Ɗebo shi take yi daga tsakiya, ta danne shi a jikin tukunya ya baje, ta juyo da shi ta sake dannewa, mai tuƙin kuma tana sauya gefe. Wannan shi ne miƙewa da ninki ƙarara, kuma shi ya sa tuƙi yake cin ƙarfi da lokaci.

Inda hargitsi ya samu, ruwan da kansa yake yin ninkin. Lewis Fry Richardson ya bayyana a 1922 cewa babbar guguwa tana tsinkewa ta haifi ƙanana, su ma su haifi waɗanda suka fi su ƙanƙanta, kuma a 1941 Andrey Kolmogorov na Rasha ya lissafa inda wannan zuriya take tsayawa, wato inda kaurin ruwa yake cinye motsin ya mayar da shi zafi. A tankin ruwan da ake juyawa da ƙarfi, autar guguwa girmanta yana tsakanin kashi ɗaya cikin goma da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Wannan kuwa shi ne zangon da naso yake gamawa da shi cikin 'yan sakan ko ƙasa da haka.

4.0 Tsere Tsakanin Gaurayawa da Sauyin Sinadari

Sinadari biyu ba sa yi wa juna komai sai ƙwayoyinsu sun taɓa juna. Saboda haka idan aka haɗa ruwa biyu, sauyin yana aukuwa ne a kan iyakar da suka haɗu kawai, kuma duk abin da ya faɗaɗa iyakar ya gaggauta shi. Ana iya ganin wannan da ido ta hanyar zoɓo da kanwa. Zoɓo dangin tsami ne, kanwa kuwa kishiyar tsami ce, shi ya sa ake jefa ta a miyar yakuwa. Launin zoɓo yana sauyawa gwargwadon tsamin da ke tare da shi: ja ne a cikin tsami, idan kanwa ta rinjaya sai ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Idan aka tsinka zoɓo a kofin gilashi aka zuba jiƙon kanwa a hankali ta gefe, duhun yana bayyana ne a inda suka haɗu. Da an ja cokali sau ɗaya sai a ga zare-zaren duhu sun ratsa jan, kowane zare yana nuna inda iyaka ta miƙe ta kai.

Kashe tsami da kanwa sauyi ne mai sauri ƙwarai, da haɗuwa an gama, don haka gaurayawa ce take tsayar da lokacinsa. Akwai kuma sauyi mai nawa, kamar na nono idan yana tsami ko na sabulu idan yana nuna, wanda yake ɗaukar sa'o'i ko kwanaki. Irin wannan da zarar an gauraya shi sau ɗaya, ƙarin juyi ba ya ƙara masa sauri. Gerhard Damköhler, masanin sinadarai Bajamushe, shi ne a shekarun 1930 ya tsara wannan kwatance a matsayin lamba, wato lokacin gaurayawa a raba da lokacin sauyi. Idan lambar ƙarama ce, yadda aka juya ba shi da wani muhimmanci. Idan babba ce, to juyin ne yake riƙe da ragama.

Matsalar tana yin tsanani ne inda sauyi biyu suke gasa. A shekarun 1980 John Bourne da abokan aikinsa a Zurik sun nuna, da sinadaran rini, cewa kayan haɗi iri ɗaya da awo iri ɗaya suna iya ba da sakamako daban-daban gwargwadon ƙarfin juyi da wurin da aka zuba sinadari na biyu. Inda gaurayawa ta yi nawa, sinadarin yana taruwa wuri guda ya yi yawa, sai ya afka wa abin da aka riga aka samar ya mayar da shi wani abu da ba a so. Mai dama kunu ta san wannan ta wata fuska. Idan aka zuba gari a tafasasshen ruwa kai tsaye, bayan kowane curi yana dahuwa ya yi danƙo kafin ruwa ya kai cikinsa, sai ya zama gudaji wanda ko an kwana ana burgawa ba ya narkewa. Dahuwa ta riga gaurayawa isa. Maganin abin shi ne a fara dama garin da ruwan sanyi, inda babu dahuwar da za ta yi tsere da hannu, sannan a haɗa shi da zafi. Hikimar talge ke nan.

5.0 Juyi Biyu na Matatar Ruwa

Yanzu za a iya komawa ga ruwan Tagwai. Yashi mai girman milimita 1 yana nutsewa zurfin mita guda cikin 'yan sakan. Ƙwayar laka mai girman kashi ɗaya cikin dubu na milimita tana bukatar fiye da mako guda, wadda ta fi ta ƙanƙanta sau goma kuwa sai ta shekara biyu ko fiye. Daɗin daɗawa, waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya a jikinsu, saboda haka suna tunkuɗe juna, ba sa haɗuwa balle su yi nauyi. Alif ɗin da matatu suke saye da na kasuwa sun ɗan bambanta a haɗinsu, amma abin da ke aiki a cikinsu ɗaya ne, wato alminiyom. Da shigarsa ruwa yana sakin ƙwayoyi masu kishiyar cajin laka, su manne mata su kashe tunkuɗar, sannan ya rikiɗe ya zama wani farin abu mai yauƙi da ke tattaro lakar kamar koma. Awon da ake sawa sau da yawa yana tsakanin giram 10 da 100 a kowace lita 1,000, gwargwadon gurɓacewar ruwan.

Wahalar ita ce alif yana cikin masu saurin sauyi. Ƙwayoyin da ke kashe caji suna samuwa ne cikin ƙasa da sakan guda, rikiɗewa zuwa farin abu mai yauƙi kuwa tana kammala cikin sakan 1 zuwa 7. Ke nan ana da 'yan sakan ne kawai a raba cokali biyu ko uku ga lita dubu. Idan aka makara, wani ɓangaren ruwan zai sha alif fiye da kima, wani kuma bai gan shi ba, a yi asarar sinadarin da aka saya da tsada, ruwan kuma ya fito da sauran laka. Don haka tsarin da ake gina matatu irin ta Chanchaga a kansa yana farawa da juyi mai tsanani a daidai inda ake zuba alif, ko da farfela mai gudu, ko kuwa a inda ruwan yake faɗowa daga tudu yana tumbatsa, kuma ba ya wuce minti guda.

Daga nan sai al'amarin ya juya gaba ɗaya. Ƙwayoyin da aka kashe wa caji suna bukatar su yi karo da juna su manne su zama gudaji, domin a nan gudaji ake nema, ba gudun sa ake yi ba. Karo ba ya samuwa sai ruwa yana motsi, wani sashe yana wuce wani. Amma gudajin alif ba shi da ƙwari, juyin da ya haɗa shi idan ya yi yawa shi zai farfasa shi, kuma wanda ya fashe ba ya cika komawa girmansa na da. A shekarar 1943 injiniyoyi biyu na Amurka, Camp da Stein, suka fito da ma'aunin bambancin gudu tsakanin sashen ruwa da maƙwabcinsa, wanda har yau da shi ake tsara waɗannan tankuna. A tankin farko ana neman ma'aunin ya kai tsakanin 300 da 1,000. A na biyu kuwa tsakanin 20 da 70 ne, na tsawon minti 20 zuwa 45, kuma akan riƙa rage shi daga ɗaki zuwa ɗaki yayin da gudajin yake girma. Bayan haka sai tankin kwantarwa, inda ba a son motsi ko kaɗan, sannan matatar yashi.

Da yake lakar ruwa tana sauyawa daga rani zuwa damina, wani lokaci ma daga safe zuwa yamma bayan ruwan sama mai ƙarfi, ba a dogara da awo ɗaya. Akan jera kwalabe shida na ɗanyen ruwa, a sa wa kowace alif daban, a juya su da sauri na minti guda, a sassauta na minti 15 zuwa 20, a bar su su kwanta na rabin sa'a, sannan a zaɓi awon da ya ba da ruwa mafi haske. Wannan gwaji yana cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗaliban injiniyan sinadarai da na ruwa a jami'o'i irin su Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Nijeriya na shekarar 2007 ya ƙayyade cewa gurɓacewar ruwan da za a ba jama'a kada ta wuce maki 5 a ma'aunin da ake auna ta da haske.

Mai yin awara tana bin wannan tsari sawu da ƙafa: ta zuba ruwan tsami a tafasasshiyar madarar waken suya, ta ɗan juya ya ratsa, ta cire hannu ta bar shi ya tattaru. Haka nan wanda yake gyara ruwan rafi a gida da alif ko da garin ƙwayar zogale, wadda aka daɗe ana amfani da ita a ƙauyukan Sudan. Kuskuren da aka fi yi a gida shi ne a tsallake juyi na biyu, ko kuma a yi ta kaɗa ruwan da ƙarfi har ƙarshe, sannan a ɗora laifi a kan alif.

6.0 Inda Juyi ke Rarrabewa

Juyi yana da wata fuska da ta saɓa wa gaurayawa. Idan aka juya shayi mai ganye aka cire cokali, ganyen yana taruwa ne a tsakiyar gindin kofi, alhali hankali zai ba da cewa gefe za a watsa shi. Einstein ya yi bayanin wannan a 1926. Ruwan da ke shafar gindin kofi yana rage gudu saboda gogayya, don haka turin da ke zuwa daga gefe yana rinjayar sa ya kora shi tsakiya, ya hau sama, ya koma gefe, ya sauko. Wannan ɓoyayyen zagaye na hawa da sauka shi ne yake yin mafi yawan gaurayawar da ake samu a kofi, kuma shi ne yake share abu mai nauyi ya tara shi wuri guda. A wannan rubutu nasa Einstein ya nuna cewa dalili ɗaya ne yake sa kogi ya riƙa cin gaɓar waje a inda ya lanƙwasa yana tara yashi a gaɓar ciki. Masu wanke ƙasa don neman zinariya, sana'ar da aka san yankin Minna da ita tun zamanin Turawa, da juyi suke aiki: suna kewaya ruwa a kwano ya ɗaga yashi ya zubar ta baki, zinariya kuwa, wadda ta fi yashi nauyi kimanin sau bakwai, ta zauna a gindi.

A matakin ƙarshe na tace ruwa ma juyi yana iya zama abokin gaba. Bayan an tace ruwa ana sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. A wurin zubawa ana son gaurayawa mai sauri, amma kisan kansa aiki ne mai bukatar lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar ruwa da kulorin aƙalla minti 30, kuma bayan haka ya kasance da sauran rabin miligiram a kowace lita. Idan tankin jira fili ne kawai babu shinge, ruwan da ke shigowa yana kafa babbar guguwa. Wani sashe ya maƙale yana zagaye a kusurwa na sa'o'i, wani kuma ya yanke ya nufi mafita kai tsaye tun kulorin bai gama aikinsa ba. Shi ya sa ake gina katangu a cikin tankin su mayar da shi doguwar hanya mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, yadda ruwan da ya fara shiga shi zai fara fita.

Ana gwada ingancin irin wannan tanki ta hanyar zuba gishiri ko wani launi marar cutarwa a mashiga, a riƙa aunawa a mafita, a ga lokacin da kashi goma cikin ɗari na farko ya iso, domin wannan sashe mai gaggawa shi ne abin tsoro. Bisa ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka take amfani da shi, a tankin da babu shinge lokacin yana iya zama kashi ɗaya cikin goma na abin da girman tankin ya nuna, a mai shinge nagari kuwa kashi bakwai cikin goma. Wato tankuna biyu masu girma ɗaya, waɗanda a takarda kowanne zai riƙe ruwa minti 60, ɗaya minti 6 ake lissafa masa, ɗayan kuwa minti 42.